Kafaɗa Ɗaya Gabas, Kafaɗa Ɗaya Yamma

Zuru,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan mota ta sauke ki Birnin Kebbi lafiya, ke da akwatinki da buhun nan da na san direba sai ya yi tsaki a kansa. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki. Mamanki na gaishe ki. Ta ce in rubuta miki ki riƙa cin abinci kan lokaci, to ga shi na rubuta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Na ɗauki biro ne don kin san halina. Da na buɗe baki zan yi magana mai muhimmanci sai murya ta tashi kamar ina filin fareti, ke kuma ki sunkuyar da kai ki ce "to, Baba", alhali ba abin da ya shiga. Takarda ba ta tsawa. Na cusa ta a bakin buhun don na san shi za ki fara kwancewa.

Abin da ke cikin buhun kin san shi: 'ya'yan ayabar mafici ne, waɗanda suka tsiro a gindin uwarsu da ke tsakar gidanmu. Abin da ya hana ni sukuni kuwa magana ce da kika yi muna cin abincin rana, ranar da kika dawo daga ganin sabon otal ɗin da aka ɗauke ki ki tsara wa lambu. Kika ce Alhaji mai wurin ya ga hoton itacenmu a wayarki ya yi sha'awa, ya ce, "Ina son a jera min su bakin ƙohwa, huskarsu ga titi, kowa ya wuto shi gani." Na tambaye ki ina ƙofar take kallo, kika ce yamma. Na ce me kika ce masa? Kika ce, "Na ce to. Ai shi ke da wurin, Baba." Tun daga lokacin tuwon ya fita kaina. In kika dasa su fuska yamma, ba ɗaya da zai ga damina ta biyu. Kin kuma san Babanki babba, Yaya Dantani, ya kafa wa uwar ƙahon zuƙa, yana so a sare ta. Ki haɗa waɗannan biyun, za ki gane abin da nake tsoro.

Ke kin buɗe ido kin gan ta a tsakar gida, shi ya sa ba ki ɗauke ta baƙuwa ba. Baƙuwa ce. Daga Kudu na zo da ita, daga barikin da na yi aikina na ƙarshe kusa da teku. Da aka sallame mu daga soja, abokaina wani ya ɗauro babur, wani keken ɗinki, wani kwanon rufi. Ni na sauka tashar Zuru da 'yan tsiro uku naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Mamanki ta kwance, ta dube su, ta dube ni.

"Ayaba ce?"

Na ce kusan haka.

"Tana ɗiya?"

Na ce ba na ci ba.

Ta ce, "To, Allah shi ba mu haƙuri."

Unguwa ta samu abin dariya na shekara guda. Ko a jikina. Tun ina saurayi abin da aka ce in yi shi nake yi. Na yi golmo a gonar kakanki, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, inda aka nuna mini nan nake sa garma. Na shiga soja, a ce dama in yi dama, a ce hagu in yi hagu. Wannan itace shi ne abu na farko da na yi a rayuwata ba da odar kowa ba. Ina son ta, kuma ban ga wanda zan ba haƙuri kan haka ba.

Yanzu ki saurara, don a makarantarku an koya muku taki da ban ruwa da sunayen itatuwa da Turanci, wannan kuwa da asara na koye shi. Ganyen mangwaro ko na gwanda yana zagaye jiki, ta ko'ina rana ta zo akwai mai tarbarta. Wannan ba haka take ba. Ganyenta gefe biyu kawai yake fita, a shimfiɗe, shi ya sa muke ce mata mafici. Tana da fuska, tana da baya, tana da kafaɗa biyu. Yadda kika tsayar da ita ranar dashe, haka za ta tsaya har ta tsufa.

Kuskurena na farko na soja ne. Ƙofar gidanmu yamma take kallo. Na ja igiya, na haƙa ramuka uku a layi, na jera su fuskarsu ga ƙofa, kamar kurata suna jiran kwamanda. A ganina duk abin da ke da fuska inda manya za su shigo yake kallo. Lokacin sanyi suka yi kyau, har na fara ɗaga kafaɗa a unguwa. Bazara na shigowa, ranar la'asar ta riƙa dukan faɗin ganyen gaba ɗaya, ba inda zai ɓuya. Gefen ganye ya fara ƙonewa, ya koma ruwan ƙasa, ya riƙa karyewa a hannu. Na yi ta ɗura ruwa ina tsammanin ƙishi ne, har Mamanki ta fara ɓoye mini guga. Sannan hadarin farko ya taso. Kin san nan daga gabas yake zuwa, iska a gaba ruwa na biye. Iskar ta samu faɗin bayansu a buɗe, ta kwantar da biyu ƙasa, saiwa a sama. Ɗayar da ta tsira, a karkace na dasa ta bisa kuskure, har na yi niyyar gyara ta ban samu lokaci ba.

Don haka kafin ki taɓa diga, kada ki tambayi ina ƙofa take, kada ki tambayi ina mai gida ke zama. Ki je wurin da hantsi ki tsaya, ki ga ta ina rana ta ɓullo. Ki koma da la'asar ki ga ina ta faɗi. Kafaɗa ɗaya ki ba gabas, ɗaya ki ba yamma, fuska da baya su kalli kudu da arewa. A haka ranar la'asar gefe kawai take samu, iskar hadari ma ta zo ta tarar da abu siriri ta wuce abinta. Ki sani kuma can ba nan ba ne. Nan dutse na tare mana rana da safe na ɗan lokaci, can fili ne fetal, zafin kuma ya fi namu. Kuskuren da Zuru ta yafe mini rabinsa, Birnin Kebbi ba za ta yafe miki ko kaɗan ba.

Kuskure na biyu tsoro ya jawo shi. Da na ga saura ɗaya, sai na tone ta na kai ta lungu, tsakanin rumbu da katanga, inda rana ba ta leƙawa sai ta take tsaka. Na ce to, yanzu in ga abin da zai ƙona ki. Ba ta ƙone ba, gaskiya. Amma ta rame, ganye ya yi tsawo ba ƙwari, ta fara miƙa wuya tana murɗewa wajen da haske yake. Kafaɗa ɗaya ta cika, ɗaya ta tsiyace. Mamanki ta wuce da tsintsiya wata safiya ta ce, "Saje, baƙuwarka ta fara leƙen maƙwabta." Na yi dariya, amma abin ya cije ni.

Kada ki ɓoye su. Suna son rana, rana ce abincinsu, abin da ba sa so shi ne ta mare su a fuska. Ki ba su fili, nesa da bango, yadda haske zai sami kafaɗun biyu daidai. Suna ƙanana kina iya kafa musu ɗan zana ta yamma har su kama ƙasa, daga nan ki cire. Ke ma haka nake so ki zauna a garin mutane. Kada don kina baƙuwa, kina mace a cikin leburori maza, ki maƙale a lungu kina magana ƙasa-ƙasa. Aikin naki ne, ke aka ɗauka.

Na uku, da na fito da ita daga lungun, ban lura da gefen da ya saba da rana ba. Na juya ta ba tare da na sani ba, gefen da ya saba da inuwa ya koma wajen zafi. Cikin 'yan kwanaki ya yi fari fat kamar an zuba masa ruwan zafi. Da ƙyar ta sha. Wani abin kuma, inuwar ɗakin da na dogara da ita a lokacin sanyi na auna ta. Na manta abin da kowane manomin kan dutse ya sani, cewa rana ba hanya ɗaya take bi ba duk shekara. Da sanyi takan jingina kudu, inuwa ta zuba arewa. Wajen shigar damina sai ta hau tsakiya har ta ɗan leƙa arewa, inuwar da kike taƙama da ita ta tattara ta koma gindin bango.

Shi ya sa za ki ga kowane ɗan tsiro a buhun na ɗaura masa jan ƙyalle a kafaɗa ɗaya. Zanin Mamanki ne na yaga, ba ta sani ba tukuna. Wannan kafaɗar ita ce ta gabas, haka take a gindin uwarta, haka za ki mayar da ita. Kada ki bar wani ya kwance ƙyallen don wai ya yi muni. Kada kuma ki yarda da inuwar ginin otal ɗin don kin gan ta yau, ki tambayi kanki ina za ta kasance a watan Disamba.

Waɗannan ukun ba sa hana ni barci. Jahilci ne, na biya kuɗin makaranta da itace biyu, shi ke nan. Na huɗun ne har gobe in na tuna sai barci ya gagare ni.

Kina firamare lokacin. Uwar ta kama ƙasa ta yi tsawo, ta fara zuba 'ya'ya. Wani babban mutum da ya yi ritaya ya gina gida a bakin gari, ba sai na kama suna ba, ya ɗauke ni gadi da kula da fulawa. Ya ga itacenmu ya ce in kawo masa. Na kai masa mafi kyawu. Ya tsaya a baranda ya nuna da sandarsa: a nan, a jere, su kalli titi. Titin kuwa yamma. Saratu, na san komai a lokacin. Na san bazara, na san hadari, na binne biyu da hannuna. Na buɗe baki zan yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Yessa." Har da ƙamewa. Na haƙa ramukan ina sane kabari nake haƙawa.

Abin da zai faru ya faru. Suka ƙone, hadarin farko ya kwashe sauran. Ya kira ni gaban baƙinsa ya ce marasa lafiya na kawo masa. Na sake ƙamewa na ce a yi haƙuri. Ya sallame ni a ƙarshen wata. Har ya bar duniya bai san abin da ya kashe su ba, don ban faɗa masa ba. Ban ma ga laifinsa sosai ba, shi bai san itacen ba, ni na sani. Ba korar ke cin raina ba, aikin gadi bai ƙare a Zuru ba. Haƙurin da na bayar ne.

To wannan "yessa" ɗin na ji a bakinki rannan, ta sa zani da ɗankwali ta koma "to". Ni na koya miki ita, na sani, a gidan soja kika tashi. Yanzu ni ke ce miki ki ajiye ta a tasha.

Ban ce ki yi rashin kunya ba, kuma kada ki ɗauki muryata. Ki gaishe shi yadda ake gaida manya, ki bari ya gama magana. Sannan ki ce, "Ranka ya daɗe, a nan ba za su rayu ba." Ki faɗa masa dalili a taƙaice, rana da iska. Kada ki tsaya nan, ki nuna masa inda za su rayu. Kin ce daga ƙofa akwai hanyar mota da ta miƙe gabas har bakin ginin. To ai an gama. Ki jera su gefe da gefe na wannan hanyar, kafaɗunsu na bin tsawonta, fuskokinsu na kallon juna. Mai wucewa a titi gefe kawai zai gani, gaskiya ne, kada ki ɓoye masa wannan. Amma duk wanda ya shigo, tsakanin mafitai zai bi har ya sauka. Mai yiwuwa ya yarda. Mutumin da ya iya gina otal ba ya son asara.

In kuwa ya kafe sai bakin ƙofa, ki ce a kawo wani itacen ki dasa masa, dogon yaro ko duk abin da ba ruwansa da gabas da yamma. Waɗannan dai ba za ki sa su a nan ba. Ba nasa ba ne, ban sayar wa kowa ba, ke na ba. Ki nemi tsofaffin jarkoki ki yanke, ki zuba ƙasa, ki ajiye su a masaukinki inda ranar safe ke samu. In abin ya kai ga ya ce ki bar aikin, ki bari. Na san abin da nake faɗa, na san wahalar da kika sha kafin ki samu, Mamanki ma in ta ji na rubuta haka sai ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Duk da haka na fi son ki dawo ba aiki da ki zauna da abin da ni nake zaune da shi.

Saura abin da ban faɗa miki ba kafin ki tafi, don na san da kin ji sai ki ce kin fasa tafiyar.

Kin san Yaya Dantani ya gina wa ɗansa ɗakin aure yamma da itacen, ya rufe da sabon kwano. Makon jiya ina ban ruwa da safe ya zo ya tsaya a kaina.

"Bawa, wanga icce sai a sare shi kahin ruwan hwari."

Na ce, "Yaya, mi ta yi maka?"

"Ta yi tsawo. Iska ta taho, bisa kwanona za ta hwaɗi. Icce ba inuwa, ba ɗiya, ko wuta ba a hurawa da shi."

Na ce, "Yaya, hadari nawa ya wuce ta tana tsaye? Kafaɗa ta ba iska. Kuma ita ta riga ɗakin zuwa, da aka zo aza tubali ba a gan ta ba?"

Ya ce, "Ni ba lacca na zo ji ba. Gidan ga na babanmu ne, kuma ni ne babba."

Nan ya fi ni gaskiya, a al'ada shi ke da magana a kan filin. Ban kuma iya rantse masa cewa ba za ta taɓa faɗuwa ba, itace ne, ba dutse ba. Na ce zan rage mata tsofaffin ganye, in kafa mata turaku, in ɗaure ta da waya ta gabas. In ta taɓa kwano ɗaya ni zan sake rufin. Ya yi fatali da duka. Ya tara dattawan dangi, har da waɗanda suka taso daga Dabai, suka zauna ƙarƙashin mangwaro, suka ba shi gaskiya. Suka ce kafin hadarin farko a sare, kuma ni zan sare da hannuna, don a nuna ba gaba a tsakaninmu. Fasto ma ya biyo ni gida ya ce, "Saje, a yi haƙuri, don zaman lafiya." Na ce, "Fasto, haƙurin da na ba mutane a duniyar nan, da dawa ce da na cika rumbu biyu. Ya ƙare."

Na je na sami Yaya a ɗakinsa, na gaishe shi da ladabi, na zauna ƙasa. Na ce masa shi babba ne, ba zan ɗaga masa hannu ba, ba zan kai shi ƙara ko'ina ba, ba zan tare kowa ba. Ga gatarina can jingine, na ma wasa shi. In ya ga sai an sare, ya ɗauka ya sare da kansa, zan ɗauko kujera in zauna in kalla. Amma hannuna ba zai taɓa ta ba, kuma bakina ba zai ce na yarda ba. Ya ce tun muna yara bai taɓa jin na ce masa a'a ba. Na ce to yau ya ji. Har yanzu da nake rubutun nan gatarin na jingine, muna gaisawa da safe sama-sama. Ban san me zai yi ba. Na san shi dai, ba ya son a ce ya janye.

Kin ce in bar ko ɗan tsiro ɗaya a gindinta saboda gaba, na ce miki na bari. Ban bari ba. In aka sare uwar, kututturen ma tone shi za a yi, abin da ya rage awaki su ƙarasa. Na tone su duka, har ɗan ƙaramin da bai kai tsawon hannu ba. Duk abin da na zo da shi daga Kudu, ban da tsohuwar da ke jiran hukunci, yana cikin buhun da ke gabanki.

Kada ki taso don ki tsaya mini, na iya tsayuwa. Kada ki kira Babanki babba ki roƙe shi, ba na son a roƙi kowa. Ki yayyafa wa buhun ruwa yanzu, ki ajiye shi a inuwa, gobe ki je ki sami Alhaji.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya ba ki lafiya, ya ba ki bakin da zai faɗi abin da kika sani ba tare da rawar murya ba. Ya sa albarka a duk ramin da za ki haƙa. Amin.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da maraice, ba zai daɗe ba. Ranar da aka yi ruwan fari zan kira ki. Kada ki tambaye ni ko tana tsaye, ba zan amsa ba sai kin fara faɗa mini inda jan ƙyallen yake kallo.

Ni ne mahaifinki,
Bawa.